Na Karɓe Ka

Wajen biyar da rabi na yamma matarsa ta leƙo daga kicin, hannunta duk kumfa, ta ce ya ɗauki babur ya je ya ɗauko Auta. Hadari ya haɗo, yarinya ba ta ɗaga waya, ga shi unguwar tsohuwar masaƙa in rana ta faɗi ko mai keke ba a gani.

"Auta fa ba yarinya ba ce," in ji Baba Agogo. "Shekararta ashirin da shida."

"Ko hamsin ce, ni na haife ta. Tashi, Malam. A bakin get za ka tsaya, ba wanda ya ce ka shiga."

Ta san inda ke yi masa ciwo. Ya zura takalmi yana gunaguni, ya tura babur waje.

A masaƙar ya samo laƙabin nan. Abokan aiki ne suka raɗa masa, wai in ka ga ƙafarsa a bakin ƙofa kana iya saita agogonka. A duk shekarun aikinsa sau ɗaya tak ya makara, ran da aka haifi Auta.

A ɗakin saƙa inji ba ya hutawa, mutum ne ake canzawa. Masu yini su kama daga shida na safe zuwa shida na yamma, masu kwana su zo su karɓe su. Kowa da abokin canjinsa, kuma akwai doka ɗaya da ba a takawa: ba ka barin injinka sai an karɓe ka, ko da gidanku ne ke ci da wuta. Mai karɓa zai zo ta bayanka, ya dafa kafaɗarka, ya dube ka ya ce, "Na karɓe ka." Da leɓe ake faɗa, don a cikin ƙarar inji ɗari uku ko uwarka ce ke kira ba za ka ji ba. Sai ka miƙa masa 'yar ƙugiyar da ake zaro zare da ita. Da ta shiga hannunsa, aiki ya zama nasa. Sharaɗin dai inji ya kasance yana tafiya. In zare ya tsinke inji kan tsaya da kansa, kuma ba a miƙa ƙugiya sai mai tashi ya ɗaura, don ba a gadar wa mutum ɓarna.

Abokin canjin Agogo shi ne Bahago, wani siririn mutum mai barkwanci da ke fahariyar yana ɗaura zare da hannu ɗaya. Shekara goma sha ɗaya suna kan inji guda, na sha bakwai. Minti biyu suke haɗuwa da safe, biyu da yamma, amma sun shaƙu fiye da waɗansu 'yan ciki ɗaya. Ran haihuwar Auta naƙuda ta zo da gardama, Agogo ya kasa barin asibiti. Bahago ya yi awa goma sha biyu a tsaye tun shida na safe, ya ƙara minti arba'in yana jira. Gyangyaɗi ne ko jiri, Allah ne masani, bel ɗin da ke juya inji ya kama hannun rigarsa na dama. Agogo ya iso da albishir a bakinsa, ya tarar ana fitowa da mutumin a lulluɓe da yadin da ya saƙa.

Ba wanda ya zarge shi. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka kowa ya ce. Shi dai ya roƙi a mai da shi sashen rini, kuma bai sake taka ɗakin saƙa ba har aka rufe masaƙar.

Shekara goma sha bakwai ke nan da rufewar. Ran da aka sa kwaɗo, mutum dubu biyu suka yi cirko-cirko a bakin get, babu wani mai ƙaton tabarau da ya zo ya tambaye su me za su ci. 'Yan gwangwan suka kwashi ƙarfe son ransu, rufi ya yi ta yoyo, jemagu suka tare. Sai bara waɗansu masu ilimi suka farga wai ginin nan tarihi ne, bai kamata a bari ya rushe ba. Tana da rai ba a ba ta ruwa ba, ta mutu ana fesa mata turare. Aka yi fenti, aka toshe rufi, aka mai da ɗakin tukunyar tururi wurin shan shayi. Injuna goma sha biyun da suka tsira aka goge su, aka ɗora musu zare, aka raɗa wa wurin gidan tarihi.

Amma a faɗi gaskiya, a nan Auta ta samu aikinta na farko, bayan shekara huɗu takardunta suna kwance a ƙarƙashin katifa. Ita ce za ta riƙa zagayawa da baƙi tana yi musu bayani. Kullum ta dawo sai ta tsare uban da tambaya, shi kuwa da ya daɗe ba a tambaye shi komai ba sai lafiyar gwiwa, sai baki ya buɗe. Ya koya mata ƙullin masaƙa, ya koya mata maganar leɓe, ya koya mata yadda ake karɓar aiki, tana dafa kafaɗarsa a tsakar gida suna dariya. Labarin Bahago ne kaɗai ya ƙi fita. Ta yaya za ka gaya wa 'yarka cewa zuwanta duniya ne ya sa aka bar wani a tsaye har ya mutu?

Ya isa get iska tana kaɗa ledoji a titi. Maigadi na zaune a kan benci da 'yar rediyonsa a cinya.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yawwa, sannu da aiki. 'Yata na zo ɗauka."

"Malama mai bayani? Tana ciki. Kowa ya tashi tun biyar. Ita ta ce sai ta gwada abin da za ta nuna wa baƙi gobe a wajen buɗewa. Wai shida daidai ake yinsa."

Agogo ya dubi agogon hannunsa. Shida saura minti uku.

"Taimaka ka kira min ita."

Maigadi ya sosa ƙeya. "Baba, ni get aka ce in tsare." Ya rage muryar rediyon, ya rage tasa. "In biyar ta wuce ba na zuwa wajen ɗakin can. Kar ka tambaye ni dalili."

Bai rufe baki ba ƙarar ta taso daga can ƙarshen harabar. Kas-kas, kas-kas. Inji ɗaya ne da farko. Sai wani ya amsa, sai wani, har ta haɗu ta zama ruri guda.

"Lasifika ce," in ji maigadi. "Sun naɗi ƙarar ne don baƙi su ji yadda ake yi da."

"An kawo wuta?"

Maigadi ya ɗaga kai ya dubi ƙwan fitilar da ke samansa. "Tun azahar aka ɗauke."

"Janareto fa?"

"Sai gobe za a zuba masa mai."

Suka dubi juna. Agogo ya kafe babur, ya zare makulli, ya yi bisimilla ya shiga.

Hanyar ba ta ɓace masa ba, ko da yake an shuka furanni a inda motocin auduga ke juyawa. Ƙofar ɗakin saƙa ta ƙarfe ce, irin wadda ake turawa gefe, kuma a buɗe take daidai shigar mutum ɗaya. Warin sabon fenti ya fara tarbarsa. Da ya sa ƙafa ciki sai wani warin ya taso daga ƙarƙashinsa: baƙin mai da ya yi zafi, da auduga, da gumin maza. Rabonsa da warin nan shekara ashirin da shida, kuma hancinsa bai yi gardama ba.

Lasifika ba ta girgiza ƙasa. Wannan ƙarar ta tafin ƙafarsa take shiga, ta hau gwiwa, ta taɓa haƙora. Burbushin auduga na yawo a iska, yana manne masa a gira.

Hasken da ke saukowa ta tagogin rufi ya dushe saboda hadari. A hakan ya ga injuna goma sha biyu a warwatse cikin makeken ɗakin, kowanne da mutum-mutumin roba a gabansa, irin na shagon sayar da kaya. An sa musu rigunan aiki na gaske, waɗanda aka tsinta a tsofaffin akwatunan ajiyar ma'aikata. Injunan da ke kusa da shi a tsaye suke, ko motsi ba sa yi. Amma ƙarar ta inji ɗari uku ce.

A jikin ginshiƙi an kafa wani sabon allo da manyan haruffa masu launi. Ya matsa ya karanta.

*Gwada da kanka. Dafa kafaɗar ma'aikaci, ka ce masa: Na karɓe ka.*

Maganar da maza ke jira da kumburarrun ƙafafu, ita aka mai da wasan baƙi. Kuma daga bakinsa ta fito, ba wanda zai ɗora wa laifi.

Ya hango Auta can ƙurya, a layi na uku. Takardar bayaninta na ƙasa, ta taka ta ta wuce. Tafiya take a hankali, kai a miƙe, irin tafiyar wanda bai gama farkawa ba. Inji ɗaya ne a gabanta, kuma shi kaɗai ke aiki, ƙoshiyarsa mai jan zare na kai da komo.

Bai buƙaci karanta lambar ba.

"Auta," ya kira. Shi kansa bai ji muryarsa ba.

Wanda ke tsaye a gaban injin ya ba su baya. Siriri ne. Ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya, can ya mai da shi ɗayar. Roba ba ta gajiya da tsayuwa.

Hannun rigarsa na dama a yage yake, yana lilo, babu komai a ciki.

Agogo ya sa gudu, irin gudun ɗan shekara sittin da takwas. Gwiwa na ƙara, ƙirji na zafi, ɗakin kuwa ya ƙi ƙarewa.

Auta ta ɗaga hannu. Ta dafa kafaɗar.

Daga inda yake ya karanta leɓenta sarai, don shi ya koya mata, kuma ta iya.

Na karɓe ka.

Abin ya juyo.

Masana sun ce matacce ba ya dawowa, wani abu ne ke aron fuskarsa. Agogo bai taɓa musun wannan ba. Amma ko mene ne wannan, ba fuska kaɗai ya ara ba, har gajiyar ya ara. Auduga ta taru a gashin kansa da girarsa ta yi fari fat. Idanun sun yi jajir, sun faɗa ciki. Leɓen ya bushe ya tsattsage. Babu fushi a fuskar ko kaɗan, murna ce, kuma murnar ce ta fi komai ba Agogo tsoro.

Hannun hagu ya shiga aljihun riga. Ya fito da ƙugiya.

Auta ta buɗe tafin hannunta.

Saura taku biyar. Ba zai kai gare ta ba. Bayan injin ya fi kusa, inda zaruruwa ke miƙe a jere, dubbai, suna rawa. Makullin babur na hannunsa.

Ya faɗa kansu ya karta musu makullin da iya ƙarfinsa.

Tsit.

Ba inji ɗaya ba, duka ɗakin ya yi shiru lokaci guda. Ya ji numfashinsa. Ya ji ɗigon farko na ruwa a kan rufi.

Ƙugiyar ta tsaya, tsakaninta da tafin Auta bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Jajayen idanun suka bar yarinyar, suka dawo kansa. Suka gane shi.

"Agogo." Muryar ƙasa-ƙasa take, a bushe. "Ka makara."

Agogo ya so ya ce a yafe masa. Ya so ya ce mace aka samu, ga ta nan, ita ce wannan. Abin da ya fito daban.

"Zare ya tsinke," ya raɗa. "Ɗaura."

"Ƙafafuna, Agogo."

"Ka san doka. Ɗaura."

Abin ya daɗe yana kallonsa. Murnar ta zube daga fuskar a hankali. Agogo ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba, amma bai janye maganarsa ba.

Ƙugiyar ta janye. Abin ya sunkuya a kan zaren.

Agogo ya ƙiyasta ɓarnar da ido. Zare talatin, ko da ɗan ɗoriya. Bahago kuwa a numfashi ɗaya yake ƙulli ɗaya.

Ya fizgi hannun Auta. Sanyi ƙalau. Ƙafafunta sun kafe a ƙasa, idonta a buɗe amma ba ta ganinsa. Ya durƙusa ya jawo ta bayansa, ya miƙe da ita, kashin bayansa ya yi ƙara.

Ƙis. Ƙulli na farko.

Ya taka. Ƙis.

Bai waiwaya ba. Yana addu'a, ƙidaya tana shiga cikin addu'ar tana ɓata ta. Bakwai. Takwas.

Ya wuce layi na biyu. Takalminsa ɗaya ya fita, ya bar shi.

Sha biyar.

Auta ta fara motsi a bayansa. Yatsunta suna murza wuyan rigarsa, suna ƙulla abin da babu.

Ashirin da biyu. Ga hasken ƙofa.

"Baba," ta raɗa a kunnensa, da muryarta ta kullum. "Sauke ni. Ana jirana."

Ashirin da takwas.

Saura taku huɗu. Uku.

Kas-kas.

Ƙarar ta dawo gaba ɗaya. Auta ta banƙare, ta sulale daga bayansa, ta juya. Ya cafki ƙafarta, suka zube tare. Ta ja shi a ƙasa, ƙarfin ba nata ba ne. Ta shure shi a baki, ya ji ɗanɗanon jini. Yatsunsa suka fara zamewa.

Hasken tocila ya faɗo a kansu. Maigadi ne, ido a rufe, baki na karatu, ya miƙo hannu ɗaya ta ƙofar ya damƙi rigarta. Su biyu suka jawo ta waje, suka tura ƙofar, suka zura sakata.

Ruwa ya kece. Auta ta manne wa ƙarfen tana kartarsa har faratanta suka ɓalle, ba kuka, ba magana. Suka rirriƙe ta cikin ruwan, ƙofar na rawa a jikinsu. Sai can ƙarar ta ɗauke ɗif, yarinyar ta sulale ƙasa. Agogo ya goge gilashin agogonsa da babban yatsa. Shida da minti arba'in.

Ta buɗe ido ta dube shi. "Baba, me ya same ka a baki?"

A gida ya gaya musu komai, har labarin Bahago. Auta ta yi kuka, uwarta ta ce an auna arziki, a gode wa Allah abin ya wuce.

Bai wuce ba. Washegari ana ta bikin buɗewa, Auta na kwance a ɗaki da yatsu a naɗe. Shida na bugawa ta miƙe ta nufi ƙofa, sai da maƙwabta uku suka danne ta har minti arba'in suka cika. Aka yi addu'o'i, aka je asibiti, likita ya ce firgita ce. Aka kai ta wajen gwaggonta a wani gari mai nisa, shida na yi aka tsinto ta a tsakiyar babban titi, ba takalmi, ta fuskanci hanyar gida.

Agogo ya je ya roƙi shugabar gidan tarihin ta bari a farfasa injin. Mace ce mai kirki, ta ba shi kujera, ta saurare shi har ƙarshe, ta sa aka cire allon don ta faranta masa. Amma inji, in ji ta, an riga an yi masa rajista a cikin kayan tarihi, doka ta hana a cire ko ƙusa ɗaya. Da aka bar shi shekara goma sha bakwai ruwa na dukansa dokar tana barci.

Sai ya nemi wata alfarmar, a bar shi ya riƙa zama a gefen injin. Wannan kam da murna aka karɓa, har hula aka ɗinka masa. Baƙi su ɗauki hoto da tsohon ma'aikaci na gaske, ya nuna musu ƙulli, su tafa. In an tashi kowa ya watse, shi ya tsaya. Shida saura kaɗan ya fito da almakashi daga aljihu ya yanke zaren. Abin ya ɗaura, ya sake yankewa, ya ɗaura, ya yanke, har minti arba'in su cika. A ranar farko da ya yi haka, Auta ta zauna lafiya a gida tana tsintar shinkafa, ba ta ma san shida ta yi ba.

Shekara uku yana wannan. Auta ta samu aiki a wata makaranta, ta yi aure, ta haifi 'ya mace. Shi kuwa bai je ko'ina ba, ko ta'aziyyar ƙanensa da safe ya je ya juyo. Shi da abin ba sa magana. Sai in lokaci ya kusa cika ya ɗago jajayen idanun nan, leɓensa ya motsa: yaushe? Agogo ya ce gobe.

Ya san maganin tun ranar farko: ya dafa kafaɗar nan ya karɓi ƙugiya. Layinsa ne tun asali, shi ake jira, yarinyar tsautsayi ne ya kai ta. Abin da ya hana shi tsoro ne, ba wani abu ba. Ya ga ƙafafun nan, ya ga abin da tsayuwa ta yi musu, kuma bai san ranar da wani zai zo ya karɓe shi ba.

Sai dai hannunsa ya fara rawa, na abin kuwa kullum ƙara sauri yake. Wata Talata almakashin ya suɓuce ya faɗa ƙarƙashin inji. Kafin ya lalubo shi an gama ɗauri, inji ya tashi. Bai fi numfashi goma ba ya sake yankewa. Da ya koma gida ya tarar da surukinsa a tsakar gida. Auta tana yi wa jaririya wanka, in ji shi, sai kawai ta sake ta a cikin baho ta miƙe. Allah ya sa yana kusa.

Agogo ya karɓi jikarsa ya riƙe ta ya daɗe, yana shinshina kanta.

Washegari ya yi aski, ya yanke farce, ya zagaya maƙwabta ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har suna tsokanarsa ko takara zai tsaya. Ya ci abincin rana tare da matarsa, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ce gishiri ya yi daidai. Da la'asar ya tura babur waje.

Yana ƙoƙarin tayarwa ta fito da sauri, ɗankwali a hannu, tana ɗaga wani abu.

"Malam, tsaya. Ka manta almakashi a kan tabarma."

Ya dube ta, ya dubi almakashin.

"Ban manta ba," in ji shi. "Koma ciki."